Ɗan Farina Ya Yi Mini Waƙa

Ina zaune a gindin rumbu ina ɓarar gyaɗar iri, hadari ya haɗu ta gabas bai zubo ba, sai ga ƙanwar maigidana ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba. Gwaggo yara suke ce mata, ni ma na bi bakinsu. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan take tsokanata, ga shi duk mun yi furfura ba ta gaji ba.

"Matarmu, ajiye gyaɗar nan. Yau kin shiga duniya."

"Ni kuma? Me na sata?"

"Ba sata kika yi ba, rowa kika yi. Mai ƙara ya kai ki gaban jama'a."

Ta zauna a kan turmin da na kifa, ta kwance waya daga bakin zaninta, ta latsa.

Na san ɗana na fari yana waƙa a Kano, kowa ma ya sani. Waƙoƙin da yake yi a da irin na biki ne, masu kiɗan da ke sa 'yan mata tsalle, muryar ma an bi ta da inji har ba ka gane mai ita. Ban taɓa tsayawa na saurara ba, ko kuma in ce ban taɓa bari a ga na tsaya ba. Wannan kuwa daban take. Babu ganga, babu kalangu. Wani abu ne mai tsirkiya ake taɓawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗigon indararo bayan an ɗauke ruwa. Can sai muryar ta shigo ita kaɗai, har jan numfashinsa ana ji. Muryar mahaifina ce sak. Ya ce:

Uwa, bayanki na haddace,
Fuskarki ce ban samu ba.
Kira ni sau ɗaya da sunana,
In amsa ko daga nesa ne.

Daga nan ya shiga zancen wata tsamiya, da wani turmi, da yaro mai riƙe da hannu. Yatsuna ba su daina ɓara ba, sai dai da na duba daga baya na tarar ƙwayar na zuba a cikin ɓawo, ɓawon kuma a cikin ƙwarya. Gwaggo ta tsura mini ido tana jiran abin da zan ce.

Na ce, "Kashe, kada cajin ya ƙare miki."

Yadda muka taso, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, in yana kuka sai ta jira wata ta miƙo mata shi. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka tata uwar ta yi. Nawa kuwa ƙulli biyu ne, domin sunan mahaifin maigidana aka sa masa, sunan da ko a mafarki ba zan faɗa ba. Laƙabin da aka yi masa don a kauce wa sunan, shi ma ban taɓa furtawa ba. In ta kama dole sai in ce "yaron nan", ko "na ɗakin Inna".

Inna ita ce surukata. Ranar da aka yaye shi ta goye shi zuwa ɗakinta, can ya girma. Daga ƙofata zuwa tata taku ashirin ne, na auna ba sau ɗaya ba. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗa, har yau kuma bai sauya ba. A cikin waƙar nan ne na fara jin kalmar uwa ta fito daga bakinsa ta nufo ni.

Zancen tsamiyar gaskiya ne, bai ƙara komai ba. Yana da shekara bakwai, ana taron suna a gidanmu, tsakar gida cike da mata, har da dangin Inna na wajen Bagwai. An ba ni gero in surfa na fura. Sai ga shi ya shigo a guje yana ihu, ya tallafe hannun hagu da na dama, ya faɗo daga tsamiyar ƙofar gida. Ya wuce ɗakin Inna, abin da bai taɓa yi ba, ya miƙo wurina a bakin turmi. Hirar mata ta tsaya cak. Na san abin da suke jira su gani, na kuma san da na durƙusa na rungume shi, ba ni kaɗai za a zaga ba, har uwar da ta haife ni sai an ce ba ta koya mini kunya ba. Na juya masa baya. Na ce wa iska, "Ku zo ku ga yaronku."

Iyakar abin da ya gani ke nan, iyakar abin da ya sa a waƙa ke nan. Bai ga cewa geron da aka ce in surfa na mayar da shi gari ba, da dusa da komai, har Inna ta ce wannan sai dai a ba awaki. Bai ga tafin hannuna da ya ɗuri ruwa ba. Lokacin da mai ɗori yake ja masa hannun a zaure, ina madafa na cusa bakin mayafi tsakanin haƙora. Kunun da ya sha kwana arba'in ni na dama, Gwaggo ce take kai masa ta ce daga ɗakinta ne.

Na ɗauka waƙar za ta yi kwana biyu ta wuce kamar sauran. Waƙar da ba a rawa da ita, wa zai saurara? Kafin a gama noman farko ta cika ƙasar. Ranar kasuwar Tsanyawa masu tura waƙa a waya ita suke sawa a lasifika daga hantsi har la'asar. Mai shayi ita, mai faci ita, gidajen rediyon Kano kuwa sai a sa ta sau uku kafin a kai ga labarai. An ce har a Nijar ana jin ta. Mu nan gona tana jikin gona ne, gida yana jikin gida, in maƙwabci ya yi tari kana ji. Samari suna noma da waya a aljihu, sai wannan ya kashe tasa wancan ya kunna. Ina tankaɗe ina jin ɗana yana roƙona ta bayan danga, ina alwala yana roƙona daga gonar arewa. Babu kusurwar gidan da ban gwada ba.

Mutanen gari kuwa sun san ko wace ce uwar. Tsofaffi suka riƙa shigowa kamar masu ta'aziyya. "Sannu da wannan abu. Ɗan yau ke nan, ka yi masa kunya ya kai ka kasuwa. Ki daure, kada ki ba mu kunya da girmanki." Matasan mata kuwa, in na shiga gidan biki sai hira ta yanke, wata ta janyo ɗanta jikinta tana shafa masa kai tana kallona ta gefen ido. In na kira sunan, tsofaffi su ce waƙa ta karya ni. In na yi shiru, yara su ce ga matar nan mai zuciyar dutse. Sai na rage fita. Suna uku aka yi a unguwarmu cikin daminar, aike na yi.

Fitar da ba ta da makawa ita ce ta dubiyar yayata da aka kwantar a asibiti a Bichi. Na shiga bas a Tsanyawa, aka tura ni kujerar baya ta jikin taga, mu huɗu a layi, buhun wani a kan ƙafata. Babu wanda na sani a motar, na yi hamdala. Ba mu bar gari ba direba ya kunna ta.

Wata yarinya mai jariri da ke kusa da ni ta ja tsaki mai taushi. "Wallahi duk sanda na ji waƙar nan sai na yi hawaye. Wace irin mata ce wannan? Ɗanki ya karye ki juya masa baya?"

Wani dattijo a gabanmu ya waiwayo. "Ke yarinya, ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kama sunana ba, ga ni kuwa ban mutu ba."

Direba ya leƙo shi ta madubi. "Baba, ba ka mutu ba, amma me kake gogewa da hannun riga?"

"Hayaƙin wannan akwalar taka ne, ɗan nema. Kalli hanya."

Mota ta ɗauki dariya. Direba ya ce ai uwar 'yar wajen nan ce, shi ya san wanda ya san gidan. Wani ya ce ta daɗe da rasuwa, shi ya sa waƙar take da zafi. Wani ya rantse mawaƙin ya gina mata bene a Kano ta ƙi shiga. Ina zaune ana raba ni kamar naman watanda, ƙofa tana can gaba, mutum goma tsakanina da ita.

Sai yarinyar ta taɓo ni. "Inna, ke babba ce. Don girman Allah, ke za ki iya?"

Na ce, "Naki na fari ne?"

"Na fari ne." Ta faɗi sunansa, ta sake faɗa tana ɗaga shi sama, ta ƙara na uku a cikin kunnensa.

Na ce, "Allah ya raya miki."

Ta miƙo mini shi in riƙe mata za ta gyara mayafi, ta kuma manta ba ta karɓa ba, ni ma ban tuna mata ba. Direba ya mayar da waƙar farko sau biyu kafin mu isa. Na riƙe ɗan farin wata mata har Bichi, kansa a kan ƙirjina, hannunsa na hagu a cikin nawa.

Duk Juma'a bayan masallaci yaron nan yakan kira ubansa a waya. Malam, maigidana, shi ma ba ya kama sunansa, amma maza suna da taki da ruwan sama da za su ɓuya a bayansu, sai su yi rabin awa a kai. Wata Juma'a Malam ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗakina yana juya hula a hannu.

"Ya tambaya ko kin ji."

"Me ka ce masa?"

"Na ce kunnenki lafiya lau." Ya ƙara da cewa, "Wai za a karrama shi a Kano saboda waƙar, yana so ki je ki zauna a gaba."

"In zauna a gaba a nuna ni da yatsa?"

"Haka na ce masa." Ya juya zai tafi, ya dawo. "Inna dai ta yi shekara tara a ƙasa. Babu mai tsaron bakinki yanzu."

Na ce na sani. Abin da ban iya gaya masa ba shi ne na riga na gwada. Dawar bayan gidanmu ta fi mutum tsawo a lokacin, sai in ɗauki ƙwarya kamar zan tsinko yakuwa, in kutsa tsakiya inda ba mai ganina, in buɗe baki. Sunan yakan taso tun daga ciki, ya zo maƙogwaro ya tsaya kamar lomar tuwon da ba miya. Sai in ji idon Inna a ƙeyata, da na uwata, da na matan Bagwai da rabinsu sun mutu. Rannan na kusa, wallahi na kusa, sai wani a gonar maƙwabta ya kunna waƙar, na tsinci yakuwata na koma gida.

Wuri ɗaya ne sunan ya taɓa fita daga jikina. Shekarun baya, da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a firamaren garinmu, muna zuwa da yamma in yara sun tashi. Da muka iya haɗa baƙaƙe, malamar ta ce kowace ta rubuta sunayen 'ya'yanta. Na rubuta biyar. Ta duba ta ce, "Ba shida kika ce mini ba?" Matan ajin suka yi dariya suka ce, "Malama, bar ta, na farin ne." Da na koma gida na buɗe bangon baya na littafin, na rubuta shi. Ya fito, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba. Tun daga ranar, in abin ya cika mini ciki, sai in ƙara layi ɗaya. Bango ya cika na shiga shafin ƙarshe, na riƙa cin littafin ta baya har na haɗu da darasin lissafi. Yana ƙarƙashin samiru a cikin kwalla, ko Gwaggo ba ta san da shi ba.

Yaron nan ya zo bayan an yanke gero, ranar wata Talata da azahar, ba tare da ya aiko ba. Kafin ya fito daga mota ƙofar gida ta cika, sai da Malam ya tsaya a zaure yana ba mutane haƙuri. Ya shigo shi kaɗai, ya tuɓe takalmi tun daga bakin rijiya, ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Ina kan tabarma ina tsince wake. Gwaggo ta riga ta shigo ta ƙofar baya, wa zai riga ta?

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau. Kun zo lafiya? Ya mutanen birni?"

Gwaggo ta tafa hannu. "Mutum ɗaya ne fa a gabanki, matarmu. Su wa da wa kike gayarwa? Ko da aljanunsa ya zo?"

Ya yi murmushi, na gani ta gefen ido. Idona yana kan wake.

"Yaya, kin yi fushi da ni."

"Fushin me?"

"Ban yi don a yi da ke ba. Na rubuta ta ne ni kaɗai a ɗaki, ban zaci za ta fita haka ba. Da ta fita kuma ba ta kamuwa."

"Allah ya sa albarka a ciki."

Gwaggo da ba a taɓa jin bakinta ya mutu ba, ta tashi wai za ta duba akuya. Tsakar gida ba kowa, sai kaji. Na san abin da ya zo nema, ya san na sani. Na ajiye faifan. Na ji sunan ya taso, ya zo inda ya saba tsayawa, na tura shi da duk ƙarfina. Abin da ya fito shi ne:

"Hannun nan yana taso muku in an yi sanyin ruwa?"

Ya ɗago kai da sauri. "Wa ya gaya miki?"

Babu wanda ya gaya mini. Kafaɗarsa ta hagu takan sauka kaɗan in yana tafiya, tun daga ɗorin nan, in damina ta yi nisa kuma saukar takan ƙaru. Shi bai sani ba, ba a ganin wannan ta gaba. Shekara talatin ba na kallonsa sai ya juya zai fita, sannan nake ƙare masa kallo har ya sha kwanar zaure. Na san inda wanzami yake kuskure masa a ƙeya. Wannan duk ban faɗa ba. Cewa na yi, "A riƙa shafa man shanu da ɗumi."

Ya jira har aka kira la'asar. Sannan ya ce, "To, Yaya," ya tashi.

Yana masallaci na haɗa masa tsaraba a buhu: kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, gyaɗa kwano biyu. Na buɗe kwalla na ɗauko littafin, na naɗe shi a leda, na tura can ƙasan gyaɗar, na ɗaure bakin buhun da kaina. Sau biyu na kai hannu zan kwance. Gwaggo ce ta ɗauka ta kai mota tana mita wai na cika shi da duwatsu. Na tsaya a bakin rumbu na bi bayansa da kallo, kafaɗar tana nan yadda na san ta.

Kwana huɗu ba labari. Na ce ko matarsa ta juye gyaɗar ta jefar da ledar, na ji sanyi, na kuma ji ciwo. A na biyar da hantsi sai ga Gwaggo da waya a miƙe. "Karɓi, ke ake nema. Ni an sallame ni, kunun da na yi ta kaiwa ya tashi a banza."

Na sa a kunne. Ina jin numfashinsa, irin na farkon waƙar.

"Yaya, na ga saƙo."

"Gyaɗar bana ba ta yi ƙwaya sosai ba."

"Har inda biro ya ƙare kika ci gaba da fensir na gani." Sannan ya ce, "Yaya, ba na ce ki kira ni ba. Karatu kawai za ki yi mini, layi ɗaya, yadda kike karanta wa malamarku."

Na dubi Gwaggo, ta juya baya tana gyara ɗaurin ɗankwali. Na dubi ƙofar ɗakin Inna, da yanzu buhunan taki ne a ciki.

Na ce, "Ai littafin yana wurinku."

Ya yi wata dariya da kuka a cikinta, har ta daɗe. "Shi ke nan. Zan taho da shi da Sallah, in buɗe miki da hannuna."

"Allah ya kai mu. A gaida mutanen gida."

Waƙar tana nan yadda take, ba a ƙara mata baiti ba, jiya ma na ji ta daga gidan maƙwabta ina shanya. Azumi bai kama ba tukuna, amma kwanaki suna tafiya. An yanke dawar bayan gida, an kwashe karan, daga bakin danga har tsamiyar burtalin shanu fili ne fetal, duk wanda ya tsaya a ciki ana hango shi. Ban san inda zan shiga in gwada ba yanzu.